LAFIYAR IYALI: Jinyar Mai Ƙuna a Lokacin Annoba

 A wannan wata za mu yi magana a kan ƙuna, ko ta wuta, ko ta ruwan zafi, ko ta mai, da yadda za a yi jinyar mai ita sa'ad da wata annoba take yawo a gari.

Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fata ita ce bangon da Allah ya kewaye jikinmu da shi. Ita take tsare ruwan jiki kada ya zube, ita take riƙe ɗumin jiki, ita kuma take hana ƙwayoyin cuta shiga. Wanda ya ƙone, bangonsa ya rushe a wurin nan. Ko ba annoba wannan abin tsoro ne, gama yawancin masu babbar ƙuna da suke mutuwa bayan kwanakin farko, ƙwayoyin cutar da suka shiga ta ciwon ne suke kashe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu. To, balle a ce ga annoba a gari.

A ƙasarmu kuwa, ƙuna da annoba sukan zo tare. Da hunturu ne muke dafa ruwan wanka, muna jona hita a bokiti, muna shigar da kurfoti ko kaskon gawayi ɗaki, yara suna kewaye murhu suna jin ɗumi. Da ranin nan ne kuma, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, zazzaɓin Lassa ya fi yawa. Idan zafi ya shigo sai sanƙarau, idan ruwa ya sauka sai kwalara. Saboda haka ya kamata kowane iyali ya san abin da zai yi tun ranar ba ta zo ba.

Abin da ya faru a wani gida

A watan Janairu na 2023, sa'ad da ciwon mashaƙo ya tashi a Kano yana kashe yara, wata 'yar'uwa cikin ikkilisiyarmu tana zaune a gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ba nisa da titin Zariya. Da asuba ta sauke tukunyar ruwan wanka, ta juya ɗauko bokiti, ɗanta mai shekara uku ya ja tukunyar a kansa. Ruwan ya saɓule masa fata daga kafaɗa har gwiwar hannu, da rabin ƙirji. Maƙwabta suka taru da kyakkyawar niyya, wannan ta fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta shafa makilin. Aka kwantar da shi a gida.

Da labari ya kai mu, muka je dubiya yadda muka saba. Dole mu faɗi gaskiya, mu ma muna cikin waɗanda suka cika ɗakin nan. Mun fi mutum goma, waɗansu da goyo, wata tana tari. Muka raira waƙa, muka ɗora wa yaron hannu muka yi addu'a, wani ya kawo kwalbar man zaitun ya ɗiga a kan ciwon. Muka koma gida da farin ciki, muna gani mun yi aikin ƙauna.

A rana ta huɗu wata tsohuwar nas da ta bar aiki, wadda dukanmu muke kira Mama, ta je gidan. Ta tarar da jikin yaron ya yi zafi, ciwon ya fara wari. Ta ce, "'Yata, yau kwana nawa?" Uwar ta ce, "Kwana huɗu, Mama." Ta ce, "Me ya hana ki kai shi asibiti, ga shi a bakin ƙofarki?" Uwar ta fashe da kuka ta ce, "Mama, an ce masu mashaƙo sun cika asibitoci. Ina tsoro in kai shi da ƙuna in dawo da wata cuta." Mama ta juya ta dube mu ta ce, "Cutar da take gudu, ku ne kuke kawo masa har kan gado. Ku fita tsakar gida ku yi addu'ar a can, Allah yana ji." A ranar aka kai shi. Ya yi makonni a kwance, aka yi masa dashen fata, aka yi masa ƙarin jini. Ubangiji ya raya shi, amma hannun nan har yau ba ya miƙewa sosai. Mama ta ce da an zuba masa ruwa tun farko, aka kai shi a ranar, da wuya abin ya kai haka.

Kuskure uku muka yi a gidan nan, an shafa abin da bai kamata ba, an yi jinkiri saboda tsoro, mun kuma cika ɗaki. Su ne za mu bi ɗaya ɗaya. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa ma'aikatan asibiti suke tsanantawa.

Hatsarin ta fuska biyu yake

Na fari, hatsari ga mai ƙunar. Babbar ƙuna takan raunana ƙarfin da jiki yake yaƙi da cuta. Cutar da mai lafiya zai yi kwana uku ya warke, mai ƙuna tana iya kai shi kabari. Ƙwayar mashaƙo kuma, ban da maƙogwaro, tana iya zama a cikin ciwon fata.

Na biyu, hatsari ga masu jinya. Ƙuna tana tsiyayar da ruwa dare da rana, bandeji yana jiƙewa da ruwa da jini. Idan mai ƙunar yana ɗauke da cuta irin ta Lassa, wadda take bin jini da ruwan jiki, duk wanda ya taɓa da hannu tsirara yana cikin hatsari. Mutum kuwa yana iya ɗauke da Lassa har kwana 21 kafin alamarta ta fito, kuma wajen mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba su nuna wata babbar alama.

Mu Kirista na ƙasar nan ya kamata mu fi kowa sanin wannan, gama a asibitocin mishan aka fara gane cutar. A 1969 wata nas, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa a ƙasar Barno, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa take aiki. Aka kai ta asibitin mishan na SIM a Jos, ta rasu. Nas da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan ƙaramin rauni a yatsa sa'ad da take goge mata baki. Ita ma ta kamu, ta rasu. Nas ta uku, Penny Pinneo, sai da aka kai ta Amurka, ta sha da ƙyar. A 1970 likitar da ta duba su, Jeanette Troup, ta yanke yatsa tana binciken gawar wani mai cutar a Jos, ta kamu, ta rasu. Ku duba, ɗan tsagin yatsa ya isa ƙofa. Yaya ke nan ga wanda rabin ƙirjinsa ba fata?

Shekara hamsin bayan haka, a Janairu na 2020, abin ya zo har Gyaɗi-Gyaɗi. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano likitoci biyu suka rasu da zazzaɓin Lassa, bayan sun yi wa wata mace mai ciki aiki, ba a san tana ɗauke da cutar ba. Ita ma ta rasu. Bayan wata uku, ranar 11 ga Afrilu, aka sami mutum na fari mai korona a Kano, ma'aikatan lafiya da yawa kuma suka kamu a makonnin da suka biyo. Idan kun ga nas ta sa safar hannu da takunkumi da riga har ƙasa kafin ta taɓa ɗanku, kada ku ce ƙyamarsa take yi. Tana tsare shi ne daga abin da hannunta ya taɓo, tana kuma tsare kanta domin ta iya duba na gaba.

Minti ashirin na fari

Annoba ba ta sake kome a taimakon farko ba, sai dai ta ƙara masa tsabta. Idan tufafi ya kama wuta, kada mutum ya gudu. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo ko jiƙaƙƙen zane. Idan lantarki ne, a kashe wutar kafin a taɓa shi.

Sa'an nan a zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar, a yi ta zubawa har minti 20. A duba agogo, gama minti ashirin yana da tsawo ga uwar da ɗanta yake kuka. Ruwan yana fitar da zafin da yake ci gaba da dafa nama a ciki, yana rage zurfin ƙuna da raɗaɗi. Ko an makara, yana da amfani muddin ba a wuce awa 3 ba. Ruwan famfo, ko na randa, ko na leda da ake sayarwa, duk sun yi. Ko lokacin kwalara ne, kada a tsaya jiran tafasasshen ruwa, a yi da mafi tsabta da yake kusa. Amma ban da ƙanƙara, gama tana ƙara kashe fata. Da hunturu kuma a lulluɓe sauran jikin yaro sa'ad da ake zuba ruwan, kada sanyi ya kama shi.

A cire zobe da awarwaro da agogo tun wurin bai kumbura ba. A cire tufafin da ya jiƙe da ruwan zafi, amma wanda ya manne da fata a bar shi, a yanke kewayensa da almakashi. Kada a fasa bororo, gama fatar da take kansa murfi ce. Mai taimako ya wanke hannu da sabulu, ya rufe wurin da zane mai tsabta wanda aka wanke aka goge, ko sabuwar ledar nan mai laushi ta rufe abinci, a shimfiɗa ta a kai, kada a ɗaure tam. Ban da auduga, tana mannewa.

Kada a shafa kome. Ba ɗanyen ƙwai, ba makilin, ba ƙullun kamu, ba manja, ba man shanu, ba baƙin mai, ba gishiri, ba toka, ba gashin zomo, ba kashin shanu. Mai yana riƙe zafi a ciki. Ƙwai da toka da gashi suna kawo ƙwayoyin cuta. Kashin shanu da ƙasa suna kawo ciwon sarƙewar haƙora. Bayan haka kuma, duk abin da aka shafa sai nas ta kankare shi kafin likita ya ga zurfin ciwon, yaron ne zai sha azabar. Ƙwan nan da za a fasa a kan ƙuna, a dafa shi a ba yaron ya ci, can ne zai yi masa amfani.

Wace ƙuna ce ta asibiti?

Ga ma'auni mai sauƙi. Tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsunsa, wajen kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Duk ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, a kai asibiti a ranar. Idan ta kai tafi 10 a jikin yaro, ko 15 a jikin babba, lalle yana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya cikin awoyin farko, in ba haka ba ƙoda tana iya tsayawa. Haka kuma, kome ƙanƙantarta, a kai asibiti idan ta taɓa fuska, ko hannu, ko tafin ƙafa, ko al'aura, ko gaɓa, ko ta zagaye hannu ko ƙafa. A kai idan wurin ya yi fari ko baƙi, ba ya kuma zafi, gama rashin zafin alama ce ta zurfi. A kai idan ta lantarki ce ko ta ruwan batir, ko mai ita jariri ne, ko tsoho, ko mace mai ciki, ko mai ciwon sukari, ko mai farfaɗiya. Wanda hayaƙi ya rufe shi a ɗaki, muryarsa ta dishe, gashin hancinsa ya babbake, ko yana tofar da baƙin majina, a gaggauta da shi ko ba a ga ƙuna a jikinsa ba, gama maƙogwaro yana iya kumbura ya toshe.

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku da Darmanawa, sashen gaggawa na Asibitin Malam yana kusa da ku. Akwai kuma Asibitin Murtala a cikin birni, da Asibitin Ƙashi na Dala inda ake jinyar ƙuna da gyaran fata. 'Yan'uwanmu na ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada da Ƙaraye, ku fara da asibitin da ya fi kusa domin a sa ƙarin ruwa, sa'an nan su tura ku gaba. A hanya, idan mai ƙunar yana cikin hankalinsa ba ya amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan, watau ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce.

Tsoron asibiti a lokacin annoba, mun san shi. A kwanakin kulle na 2020 mutane da yawa sun zauna a gida da ciwon da yake da magani har ya fi ƙarfinsu. Amma ku auna. A asibiti ana keɓe masu cutar annoba a nasu wuri, shi ya sa aka yi asibiti irin na Zana, aka kuma buɗe wuraren killacewa a lokacin korona da na mashaƙo. A gida kuwa ba mai tantance wanda ya shigo. Babbar ƙuna da aka bari a gida ta fi annoba kusa da kisa.

A bakin ƙofar asibiti

Mutum ɗaya ko biyu su raka mai ƙuna, kada gida duka ya tashi. Ku sa takunkumi. Ku ɗauki katin rigakafin yaro. Za a auna zafin jiki, a yi muku tambayoyi. Akwai mai zazzaɓi a gida? Akwai mai ciwon maƙogwaro ko kumburin wuya? Akwai mai gudawa? An yi rasuwa ko jana'iza kwanan nan? Wani ya yi tafiya? Akwai ɓeraye a ɗakin abinci?

A nan ne za a gwada gaskiyarmu. Mutane sukan ɓoye, domin kada a killace su, ko kada unguwa ta ji. Amma wanda ya ɓoye zazzaɓin da yake gidansa, ya sa ran nas da likita da dukan masu ƙuna na ɗakin cikin hatsari, ya kuma cuci nasa mara lafiya. Dalili kuwa shi ne, zazzaɓi a jikin mai ƙuna yana iya fitowa daga ƙunar kanta, ko daga ruɓewar ciwo, ko cizon sauro, ko Lassa. Wahalar numfashi tana iya zama ta hayaƙi, ko ta mashaƙo, ko ta ciwon huhu. Ido ba ya rarrabe su. Labarin da kuka bayar shi zai nuna wa likita gwajin da zai yi. Mashaƙo yana da magani, mai Lassa kuma da aka gane da wuri ya fi samun tsira. Mai bin Kristi ba ya ƙarya a majami'a, kada ya yi a gaban nas.

Idan ana shakka, za a fara jinyar ƙunar nan da nan, amma a ɗaki dabam har sakamakon gwaji ya fito. Za a yarda da mai jinya ɗaya kaɗai. Za a yi allurar sarƙewar haƙora. Aikin da ba zai jira ba za a yi shi, amma gyaran tabo da makamantansa ana iya ɗaga su sai gari ya lafa. Mai ƙaramar ƙuna ana iya sallamarsa da wuri, a ce ya riƙa zuwa wanki, wani lokaci ma a ce a aiko da hoton ciwon ta waya. Ku karɓi waɗannan dokoki da haƙuri, kada ku yi faɗa da mai gadi.

Jinya a gida

Idan an sallame ku, ko ƙunar ƙarama ce tun farko, a zaɓi mutum ɗaya mai lafiya ya zama mai jinya. Kada a zaɓi mace mai ciki, ko mai tari, ko mai rauni a hannu. Mai ƙunar ya sami shimfiɗarsa shi kaɗai, cikin gidan sauro, domin ƙuda da rana da sauro da dare. A buɗe taga iska ta riƙa shiga. Kwanonsa da kofinsa da tawul nasa su zama nasa.

Kafin a taɓa ciwo da bayan an taɓa, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, wani ya riƙa zubawa da buta. A sa safar hannu sabuwa da takunkumi. A wanke ciwon da tafasasshen ruwa da ya huce, a shafa abin da asibiti ya bayar kaɗai, a rufe da sabon bandeji. Tsohon bandeji da safar a ƙulle su a leda, a ƙone su a rami nesa da yara, kada a jefa a bola inda awaki da yara suke tono. Inda jini ko ruwan ciwo ya zuba a ƙasa, a goge da ruwan bilic irin su Jik ko Hypo. Idan an rubuta ƙarfinsa 3.5 cikin 100 a jikin kwalba, awo 1 nasa a cikin awo 6 na ruwa. Wannan na ƙasa da kaya ne, kada ya taɓa ciwo. Ruwan goge hannu da muka saba da shi tun lokacin korona yana kama wuta, saboda haka a bar hannu ya bushe sarai kafin a kusanci risho ko gas.

Domin raɗaɗi a ba da farasitamol. Idan akwai zazzaɓi ana kuma zancen Lassa a gari, kada a ba da asfirin da danginsa, gama suna ƙara zubar jini. Kada a sayi kafso a kemis ana bayarwa ba da izinin likita ba. A ciyar da shi sosai, ƙwai, wake, kifi, nama, madara, ƙuli-ƙuli, da 'ya'yan itace, gama da abinci jiki yake gina sabuwar fata. A rufe abinci da ruwa kada ɓera ya taɓa. A riƙa motsa gaɓar da ta ƙone yadda aka koya muku, ko yana kuka, domin kada ta lanƙwashe.

A koma asibiti ba jinkiri idan zazzaɓi ya tashi, ko ciwo ya yi wari, ko mugunya ta fito, ko ja ya bazu a kewaye, ko fitsari ya ragu, ko ya ƙi abinci, ko baki ya sarƙe, ko maƙogwaro ya yi ciwo wuya ya kumbura, ko kuwa mako biyu ya cika ciwon bai rufe ba. Idan mai jinyar ne ya fara zazzaɓi, ya janye nan da nan, ya je a duba shi, wani ya karɓa. Domin ba da labarin cutar annoba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa tana da lambar waya ta kyauta, 6232.

Zumuncinmu fa?

Mun san abin da waɗansu za su ce. Ai zumunta a ƙafa take, Ubangiji kuma ya umarce mu mu ziyarci marasa lafiya. Gaskiya ne. Amma bari mu duba Littafi Mai Tsarki da kyau. A Littafin Firistoci sura 13, daga aya 24 zuwa 28, an yi maganar mutumin da wuta ta ƙone shi, wurin ya sake launi. Firist zai duba shi, in yana shakka ya keɓe shi kwana bakwai, ya sake dubawa, in abin bai yaɗu ba ya sallame shi. Ashe keɓe mai ƙuna da sake duba shi tsohon abu ne cikin jama'ar Allah. A Matiyu sura 8, Yesu ya warkar da bawan jarumin soja bai shiga gidan ba. Addu'a ba ta bukatar mu cika ɗaki. Basamariyen nan na Luka sura 10 ya yi amfani da abin da ake da shi a zamaninsa, amma ku lura da sauran aikinsa. Ya ɗaure raunukan, ya ɗauki mutumin ya kai shi inda za a lura da shi, ya biya kuɗi, ya kuma yi alkawarin biyan saura. Dattawan da suke so su shafa mai bisa ga Yakubu sura 5, mutum ɗaya ya wanke hannu ya taɓa goshi idan goshin lafiya yake, kada mai ya kusanci ciwo. In an killace mara lafiya, a yi addu'ar ta waya.

Aikin ƙauna da ya rage mana yana da yawa. Jinyar ƙuna tana da tsada, tana kuma daɗewa. Zumuntar Mata ta tsara masu dafa abinci bi da bi, a miƙa a ƙofa. Wata ta ɗauki sauran yaran gidan. Matasa masu lafiya su je su ba da jini. Ikkilisiya ta tara gudummawar bandeji da safar hannu da sabulu. A riƙa kiran mai jinya ana ƙarfafa ta, gama kaɗaici yana cin ta. Idan gwaji ya nuna akwai cutar annoba a gidan, kada mu yi ta yaɗa zance, kada kuma mu guje su bayan sun warke. Maƙwabtanmu Musulmi ma, idan abin ya same su, haka za mu yi musu.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Sai ka shafa wa naka ruwa. A daren 15 ga Oktoba na 2024 tankar fetur ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutane suka taru ɗibar mai, ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka mutu, waɗanda suka ƙone kuma suka cika asibitoci. Gadajen jinyar ƙuna kaɗan ne a ƙasarmu, idan annoba ta zo kuwa sai su ƙara ƙaranci. Kowace ƙuna da muka hana a gida, gado ne muka bar wa wani. A zuba ruwan sanyi a bokiti kafin na zafi. Kada a ajiye tukunya a ƙasa inda yaro yake rarrafe. Kada a zuba kananzir a risho ko fitila tana ci. Kada a ajiye fetur a ɗaki. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Idan an ji warin gas, a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. A kuma kai jarirai rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, gama allurar nan tana tsare su daga mashaƙo da sarƙewar haƙora duka biyu.

A sujadar iyali ta wannan mako, ku karanta Luka 10:25-37, sa'an nan maigida ya tambayi kowa, har yara, abin da zai yi idan wani ya ƙone. Ku yi addu'a domin masu ƙuna da suke kwance a asibitocin Kano, da masu jinyarsu da suke kwana a baranda, da likitoci da nas-nas da masu shara da suke sa ransu domin namu. Ubangiji ya tsare gidajenmu daga gobara da annoba, ya ba mu ƙauna mai tafiya da hikima. Amin. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.